Fitila Mai Baki Tara

Mu masu sayar da kayan tagulla muna da doka ɗaya da ba a rubuta ta a ko'ina ba: kada ka sa wa abu kuɗi sai ka san sunansa da abin da ake yi da shi. Da ita mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya raine mu tun yana yawo da kaya tsakanin Kumasi da Akra, kafin mu samu rumfa ta kanmu. Yakan ce mai sayen irin kayanmu rabin kuɗinsa na ƙarfe ne, rabi na labari. In ka miƙa wa baƙo ɗan ma'aunin zinariya na Asantawa ka kasa gaya masa karin maganar da ke cikin siffarsa, zai ajiye ya wuce rumfa ta gaba. Saboda haka duk yaron da ya fara zama shago a gidanmu, kafin ya iya ba da canji sai ya iya bayani.

Cikin kayan da nake sa a zuba mini akwai guda ɗaya da bayaninsa ya fi na saura tsawo, kuma shi ya fi jawo mini magana a gida. Wata fitila ce mai baki tara, ta Yahudawa. Wata mata da ke aiki da wata ƙungiyar agaji a Akra ce ta fara kawo mini zanenta a takarda, shekaru da dama da suka wuce, ta ce tana son a yi mata da tagullar Gana. Na kai wa masu zubi na Krofofrom, can gefen Kumasi, suka yi. Ta nuna wa ƙawayenta, su ma suka zo. Daga nan duk shekara in watan Oktoba ya kama sai oda ta fara shigowa, wata shekarar ashirin, wata talatin. Yarana uku su ke goge su da lemun tsami da toka kafin a naɗe. Yaro kuwa ba zai yi awa biyu yana goge abu bai tambaye ka mene ne ba.

Abin da na sani a kanta tsince-tsince ne: wani daga bakin masu saye, wani daga zuwan da na yi Maroko sarin kaya, inda na shiga gidan tarihin Yahudawan ƙasar da aka buɗe a Kasabalanka a 1997, wani kuma babbar 'yata ce ke karanto mini daga waya muna tantancewa tare. Ga yadda nake bi da su.

Da suna nake farawa, don shi ne ƙofa mafi sauƙi. Da Ibrananci ana ce wa alkukin fitila menora. Sai in tambayi yaro, a cikin layinmu su wa ake kira Nura, su wa ake kira Munira? Duk saiwa ɗaya ce, ta haske. Larabci da Ibrananci 'yan uwa ne, kuma manara, wato hasumiyar masallaci, ita ma daga can ta fito, asalin ma'anarta wurin da ake ɗora wuta. Yaro na jin haka sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Abin ya daina zama baƙo ƙwarai.

Na biyu ƙidaya. Fitilun nan iri biyu ne, kuma mutane da yawa, har cikin 'yan kasuwa, suna haɗa su. Akwai mai baki bakwai, ita ce ta Haikalin Ƙudus, wadda yau sai a zane da hoto. Akwai mai baki tara, ita ce ake kunnawa a gidaje lokacin bikin Hanuka, kuma ita ce ake saye a wurina. Autata tun tana shekara biyar ta riƙe wannan: in ta ga hoto sai ta ɗora yatsa ta ƙirga kafin ta ce komai.

Mai baki bakwai ɗin ita nake jimawa a kai, don a nan ne mai sana'ar ƙarfe ke jin daɗin labari. Siffarta tana cikin Attaura, a Littafin Fitowa sura ta 25, cikin umarnin da Yahudawa suka ce an ba Annabi Musa, alaihis salam, game da alfarwar ibada a jeji. Zinariya tsantsa ce. Sanda ɗaya a tsakiya, rassa uku ta dama, uku ta hagu. Kowane reshe na da ƙoƙuna uku masu siffar furen itacen da Larabawa ke kira lauz, da ƙulli, da fure. Sandar tsakiya kuma ƙoƙuna huɗu. Nakan bar yaran su yi lissafi da kansu: uku sau shida sha takwas, a ƙara huɗu, 22. Malaman Yahudawa na dā sun ce tsawonta faɗin tafin hannu 18, wato wajen mita ɗaya da rabi, nauyin zinariyar kuwa masu ƙiyasi na cewa ya haura kilo 30. Man zaitun da aka daka aka tace shi kaɗai ake zuba mata, kuma zuriyar Annabi Haruna ke da aikin gyara lagwani da kunnawa.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda aka ce a yi ta. Ba zubi ba, ba haɗi ba. Curi ɗaya na zinariya za a sa wa guduma, a yi ta bugu ana jan rassan daga jikinsa, har furanni da ƙoƙuna su fito, ba tare da an yanke wani abu an liƙa ba. Na gaya wa wani tsohon mai zubi wannan a Krofofrom, mutumin da ya fi shekara arba'in gaban wuta. Ya yi shiru, ya juya hannunsa sama da ƙasa kamar yana auna curin, sannan ya ce da yarensu wanda ya yi wannan ba ya shan giya. Yarana sun san bambancin, don sun ga yadda namu ake yi: a gina siffa da kakin zuma, a lulluɓe da gawayi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya zube, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa. In ka yi kuskure a kaki sai ka murje ka sake. A aikin guduma bugu ɗaya ya isa ya ɓata wata guda. Sunan maƙerin da littafin ya ce ya yi aikin Bezalel, kuma ɗana na tsakiya ya riƙe sunan nan fiye da sunayen sarakunan da ake koya masa a makaranta.

Tarihinta a taƙaice nake ba su. A haikalin da Annabi Sulaiman ya gina, littattafansu sun ce alkukai goma ne. Aka rushe shi, aka sake gina wani. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ci Ƙudus, suka ƙone haikali na biyu, suka kwashe kayansa. Har gobe a birnin Roma akwai wata ƙofar dutse da aka gina wajen shekara ta 81 don tunawa da nasarar, an sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar a kafaɗa. Wani marubucin tarihi mai suna Prokopiyus ya rubuta cewa da aka washe Roma a 455, an kwashi kayan haikalin zuwa Kartaj, a Tunisiya ta yau, daga baya aka kai su birnin da yanzu ake kira Istanbul. A ƙarshe sawu ya ɓace. Wannan wurin yara ke so, don kowa sai ya faɗi inda yake zaton tana ɓoye.

Saboda girman da suke ba waccan fitila, malaman Talmud, babban littafin fiƙihunsu, sun hana a ƙera kwatankwacinta mai baki bakwai da ƙarfe. Sun ce a yi mai biyar, ko shida, ko takwas. Wasu na sassautawa yanzu, za ka ga mai bakwai a kantuna, amma masu riƙo sosai ba sa ajiye ta. Wannan ilimi ne na kasuwa kai tsaye: in baƙo ya ce menora yake so, sai ka tambaye shi baki nawa kafin ka karɓi kafin alƙalami.

Akwai kuma gardamar rassa. A sassaƙar Roma rassan a lanƙwashe suke kamar baka.  Amma babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya zauna a Fas ya rasu a Masar a 1204, ya zana ta da hannunsa da rassa miƙaƙƙu, suna tashi a karkace kamar yatsun hannu, ɗansa kuma ya ce da gangan ya yi. Shi ya sa har yau za ka ga iri biyu, kuma masu oda sukan faɗi wadda suke so. Abin da ya fi burge babbar 'yata game da malamin nan ba zanen ba ne ma. Littafin da zanen ke ciki da Larabci ya rubuta shi, amma da haruffan Ibrananci. Ta ce, "Baba, ashe su ma suna da ajami." Na ce ƙwarai kuwa. Kakanta da ajami yake rubuta bashi.

To, sai mai baki tara. Labarinta ya faro ne lokacin da wani sarki na zuriyar Girkawa da ke mulki daga Sham, Antiyokus na huɗu, ya hana Yahudawa addininsu, ya shigar da bautar gumaka cikin haikali. Wani gida na limamai da ake wa laƙabi da Makabiyawa suka yi tawaye, suka ƙwato wurin a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, suka tsarkake shi. Kalmar Hanuka ma'anarta keɓe wuri ga Allah. Talmud ya kawo cewa da suka zo kunna fitila, tulu ɗaya tak suka samu na mai mai tsarki da hatiminsa, wanda zai yi kwana ɗaya, sai ya yi kwana takwas har aka tace sabo. Nakan ce wa yara, haka suke faɗa, kamar yadda nake cewa haka Asantawa ke faɗa in ina ba da labarin kujerar zinariya. Bikin kwana takwas ne, yana farawa ran 25 ga watansu na Kislev, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba, don su ma da wata suke lissafi, sai dai sukan ƙara wata guda a wasu shekaru don kada bikin ya zagaya kamar azuminmu.

Kwana takwas, baki tara. Ina na taran ya fito? Ba na gaya musu nan take, sai sun yi ta cinta. Na taran sunansa shamash, wato bara ko hadimi. Da shi ake kunna sauran. Dalili kuwa, hasken takwas ɗin ba a amfani da shi: ba a karatu da shi, ba a ƙirga kuɗi, ba a neman allura. Na kallo ne kawai da tunawa. Saboda haka ake ajiye baran a gefe ko a sama, in ma an ga wani abu a ɗakin a ce da haskensa aka gani. Autata ta kasa yarda da wannan. Yarinyar da ta tashi ana ɗauke wuta ana kawowa, ta ga uwarta na lallaɓa kyandir ɗaya ya kai dare biyu, a ce mata ga wuta takwas na ci ba mai amfana? Ta ce, "Baba, wannan ai almubazzaranci ne." Uwarta ce ta ba ta amsa daga kicin, ta ce turaren wutan da take sawa ran Juma'a me ake dafawa da shi?

Daren farko ɗaya ake kunnawa, na biyu biyu, haka har takwas. Wannan ma sai da manyan makarantunsu biyu na dā suka yi saɓani: mutanen Shammai suka ce a fara da takwas ana ragewa, mutanen Hilel suka ce a fara da ɗaya ana ƙarawa, kuma na Hilel aka bi. Ana jera kyandir daga dama, ana kunnawa daga hagu, sabon shiga shi ne farko. Ya kamata wutar ta yi aƙalla rabin awa bayan duhu ya shiga, kuma a ajiye ta bakin ƙofa ko a taga inda masu wucewa za su gani. Lissafin da nake ba kowane yaro in ya kai aji uku shi ne: kyandir nawa gida ɗaya zai saya? Ɗaya da biyu da uku har takwas, 36. Wanda ya tsaya nan ya faɗi, ya manta da bara. Amsa 44 ce, kuma haka ake sa su a kwali. Abincin bikin kuwa duk na suya ne, don tunawa da mai. Yahudawan Maroko na soya sfanj, wanda in ka ci ido rufe za ka ce fanke ne.

Ƙa'ida ɗaya ce nake nanatawa har su gaji: takwas ɗin su zama a layi ɗaya, tsayi ɗaya, da ɗan tazara yadda wuta ba za ta haɗu da wuta ba, baran kaɗai ke fita daban. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ga ana saye a wurina, ya ɗauki hoto a ɓoye ya kai wa nasa masu zubin. Su kuma suka ga ai zai fi kyau in rassan suna hawa kamar matakala. Guda arba'in ya zuba. Kyau kam sun yi kyau. Masu saye suka zo suka ɗaga, suka yaba, suka ajiye. Ƙarshenta a kilo ya mayar da su aka narke.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar a cikin gida take. Yayana, wanda muke tarayya a jari tun rasuwar mahaifinmu, bai taɓa son kayan nan ba, amma ya yi shiru har lokacin da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023. Wani dare bayan isha'i ya tarar da yaran a tsakar gida sun jera fitilu suna gogewa, autar na ƙirga baki da ƙarfi. Ya kira ni waje. Ya ce, "Kai yanzu ba ka jin komai? Ana kashe yara can, kai ka tara naka suna wa kayan mutanen nan wanka?" Na ce, "Yaya, ina ji. Abin da kake gani a waya ni ma shi nake gani, kuma barci na gagara ta." Na tuna masa matar da ta fara kawo mana odar, wadda shi da kansa ya sha cewa ba ta taɓa cin mana ko sidi ɗaya ba. Na tuna masa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar duniya sulkensa na jingine a hannun Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Ya ce wannan cinikin abinci ne, wannan kuwa kayan ibada ne. Maganarsa na da ƙarfi, ban raina ta ba.

Muka je wurin malaminmu tare. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, abu biyu ne: koya wa yara, da sayarwa." A kan koyarwa bai ja ba, ya ce sanin abin da mutane ke yi daban, yin sa daban, kuma yaron da ya san nasa ba ya ruɗewa don ya ga na wani. A kan sayarwa ya ce malamai da yawa sun ƙi a sayar wa wani abin da zai yi bikin addininsa da shi, wasu sun sassauta, kuma in da shi ne zai bari. Sai ya dubi Yaya ya tambaye shi, 'yan mutum-mutumin tagulla da ke cike da rumfarku fa, su wa ya halatta muku? Muka dawo gida ba mai magana.

Abin da muka yi shi ne raba littafi. Yaya ya cire hannunsa daga fitilun, ribarsu ba ta shiga asusun tarayya, ba ya taɓa su ko da kwali ne. Ni na ci gaba, don masu zubi gida uku ne ke jiran wannan oda duk ƙarshen shekara, kuma zuciyata ba ta nuna mini cewa tsohuwar da ke kunna kyandir da jikokinta ita ce ke jefa bam ba. Har yanzu in maganar ta taso kowa na kan bakansa. Muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ɗana na tsakiya shi ne ya zo da tambayar da na san za ta zo. Ya ga mai baki bakwai a jikin mumbarin da wani jami'in Isra'ila ke magana, ya kawo mini wayar ba tare da ya ce komai ba. Na gaya masa gaskiya: tun 1949 ita ce tambarin ƙasar, an kwaikwayo ta daga waccan ƙofa ta Roma, aka sa mata rassan zaitun a gefe. Na kuma gaya masa cewa fitilar ta girmi ƙasar da fiye da shekara dubu biyu, kuma cikin masu kunna ta akwai masu goyon bayan gwamnatin, akwai masu fita titi suna zanga-zanga a kanta. Ya ce to ta yaya zai gane wanne ne ya shigo shago? Na ce ba zai gane ba, kamar yadda su ma ba sa gane wane irin Musulmi ne shi in sun ga hularsa. Abu ɗaya na hana shi kai tsaye, shi ne zagin da yaran layi ke yi wa duk wani mai rowa ko mai wayo da sunan Bayahude. A gidana ba a yin sa.

Zane-zanen gargajiya su ne ɓangaren da ya fi daɗin koyarwa, don wasa muke mayar da shi: in nuna hoto, su faɗi ƙasa. Dokar addini ta tsaya a kan adadi da layi, ba ta ce komai a kan ado ba, sai kowace al'umma ta sa wa fitilarta rigar garin da take zaune. Kuma da yawa cikin tsofaffin ba su da rassa sam. Na Maroko allo ne na tagulla da ake ratayewa a bango, da jerin 'yan cokula takwas na mai a ƙasa, da tire na tarar ɗigo. Allon an huda shi da bakan gizo irin na ƙofofin masallatan Fas, da tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, da tafin hannu mai yatsa biyar wanda Musulmin can ma ke ratayewa. Ran da na fara ganin su sai na ga kamar aikin masu faranti da butoci na dandalin Saffarin ne, inda nake sari, kuma ba abin mamaki ba ne, don aikin zinariya da azurfa da tagulla a Maroko Yahudawa sun daɗe a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1940 sun kai wajen 250,000 a ƙasar. Yau 'yan dubbai ƙalilan suka rage, fitilunsu na rataye a shagunan kayan tarihi.

A ƙauyukan duwatsun Atlas da Yaman dutse mai laushi ake sassaƙawa, wasu na Yaman a zagaye kamar tauraro, ka ce aci-balbal ɗin kakanninmu ce aka ƙara wa baki. Na Iraƙi na da kofunan gilashi, da jinjirin wata da taurari a sama. Wannan kullum sai ta kayar da yaran, don suna ganin jinjirin wata sai su ce ta Musulmi ce. Na Folan tagulla ce mai nauyi ko azurfa mai saƙa kamar leshi, da zakoki biyu riƙe da kambi, zakin kuwa alamar zuriyar Yahuza ne, ɗan Annabi Yaƙub. Na Holan falle ne na tagulla mai sheƙi da aka buga wa furanni da zukata. Babbar 'yata, wadda ke jin Tuwi fiye da ni, take cin dokunu da safe tuwo da dare, ba ta buƙaci in yi mata dogon bayani a nan ba.

Ita kaɗai na ba wani labarin da ya shafe mu kusa, don ta kai. A yankin Tuwat, cikin Saharar Aljeriya, akwai garin Tamantit, zango babba a hanyar fatake, inda Yahudawa suka daɗe suna kasuwanci da ƙira. Shehu Maghili, wanda muke ji da shi saboda zuwansa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da nasihar mulki da ya rubuta masa, shi ne ya jagoranci rushe majami'arsu wajen 1492, alhali wasu malaman zamaninsa ba su yarda da hakan ba. Ta yi shiru, sannan ta ce a islamiyya ba a gaya musu wannan gefen ba. Na ce yanzu ta ji, ta riƙe duka biyun.

A hutun da ya wuce na kai su ukun Krofofrom, na saya musu kakin zuma na ce kowa ya gina tasa. Na tsakiya ya yi miƙaƙƙun rassa irin na ɗan Maimun, don sun fi sauƙi. Autar ta yi baki goma sha ɗaya, ta ce saura na baƙi ne. Babbar ta yi irin ta Maroko mai allo, amma a maimakon bakan Fas ta yi zayyanar dagi irin ta bangon gidajen Kano, ta ɗora baran a bayan tsuntsun sankofa mai waiwaye. Masu zubi suka so su cike gefen da tambarin Gye Nyame kamar yadda suke sa wa komai, ta ce a dakata, ba a sa wa kayan ibadar mutum alamar da bai nema ba. Mun aika hoton kakin ga biyu daga cikin masu oda. Ɗaya ta ce tana son guda uku, amma a ƙara faɗin ramin kyandir, don na bara sai da ta fere kowane ɗaya da wuƙa kafin ya shiga. An auna da kyandir ɗin da ta aiko, an gyara. Ranar Laraba za a zuba.